Janareta da kunnen dare a Ruwan Gizo

Inji ba baƙo ba ne a ƙasar Mafara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya zauna da gindinsa daga Maradun har Bakura, kuma yaron da ya tashi a fadama ya san yadda ake kwance filogi a goge shi. Amma injin ban-ruwa a gona yake kukansa. Wanda ya kai ni Ruwan Gizo shi ne na cikin gida, ɗan ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, wanda tela da mai aski da mai cajin waya ke ci da shi. Tambayata ba ta da yawa: yaya ake kwana da ƙararsa?

An ba ni tabarma da fura, sannan aka ce in je wurin wani tela, wai shi ne ya fi kowa shan wahalar wannan lamari.

Bayan gidansa ya zagaya da ni. Can jikin danga ya yi wani ɗan gini na tubali da bai wuce ƙugu ba, bango uku, bakinsa yana kallon gona. A ciki akwai tsohuwar tayar mota a kwance, an cika ta da yashi, an ɗora katako, injin yana bisa. Doguwar waya ta bi ta kan katanga har zaure inda kekensa yake. Da ya ja igiya injin ya tashi, muka koma zaure, sai ka ce injin niƙa ne a wata unguwa.

Bai kai nan a rana ɗaya ba. Da farko kwali ya kifa masa, ya lulluɓe da tsohon bargo. Ƙara ta ragu, amma kafin ya gama wuyan riga ɗaya injin ya ɗauki zafi ya mutu, sai da makaniki ya taɓa shi. Irin wannan inji da iska yake hucewa, duk wanda ya toshe masa numfashi zai sayi wani. Ya gwada rumfar kwano, abin ya ƙaru, domin kwano amsawa yake yi. Laka ce ta yi masa rana, saboda kaurinta da nauyinta. Yashi da taya suka shanye rawar jikin injin da ke bin ƙasa ta shiga ɗaki. Sauran aikin mai walda ya ƙarasa a kasuwar Talata ta Mafara, inda ya jona masa salansar tsohon babur da faffaɗan bututu don kada hayaƙi ya riƙa komawa ciki. Nisan ma yana da nasa lissafin: a fili, duk lokacin da ka ninka tazara tsakaninka da inji, ƙara na sauka da kimanin desibel 6.

Nisan nan yana tsare rai kuma. Gubar da ke cikin hayaƙin janareta ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyali guda suna barci a garuruwan Najeriya. Masana lafiya na cewa a ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Sai dai mai ba da wannan shawara ba shi zai kwana yana tunanin ɓarawo ba. Telan ya nuna mini sarƙa da kwaɗo da ya ɗaure injin da su a jikin turke, ya yi dariya.

Na ɗauka barcin yara ne ya sa shi duk wannan ɗawainiya, ko kunyar maƙwabta. Ya ce in tambayi Inna, wata dattijuwa da katanga ɗaya ta raba su. Muka yi sallama, ta fito bakin ƙofa da carbinta.

"Ɗana, ni barci ya daɗe da barina, ba shi nike kuka ba," in ji ta. "Mu nan in dare ya yi, da kunne muke gani. Haushin kare, ƙarar babur daga nesa, kururuwar maƙwabci, su ke gaya muna mu zauna ko mu tashi. To in wanga inji na ruri, ko ƙofarka aka buga sai an shigo ka sani."

Babu wanda ya ce uffan. A wannan ƙaramar hukumar ta Mafara ne Jangebe take, inda aka kwashe ɗalibai mata 279 cikin dare a watan Fabrairun 2021, kuma ba a buƙatar a tuna wa kowa. Inna ta ce ta daɗe tana haɗiye maganar, don telan a gabanta ya girma, kuma da keken nan yake ciyar da mutum tara. Ranar da ta kasa, ba ta aika kowa ba, da ƙafarta ta je zaurensa. Shi kuma ya ce tunda ake yi masa faɗa bai taɓa jin nauyi irin na ranar ba, domin ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce masa jikokinta uku a ɗakinta suke kwana.

A ganina maganarta ta fi duk dabarun walda nauyi, domin ita ce ta haifar da ƙa'idar da ginin tubali bai iya kawowa ba: ƙarfe goma na yi, a kashe inji. Tsadar fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ta taimaka wajen cika alƙawarin, har wasu masu caji sun koma sola. Telan ma yana tara kuɗi, batir ne ya tsaya masa.

Matsalar da ta rage ita ce jajibirin salla, lokacin da ɗinki ke kai shi asuba. Nan ma sun daidaita. Yakan kashe injin lokaci-lokaci a saurara, 'yan sintiri su san yana zaure, Inna kuma a caja mata waya kyauta har bayan salla. Ta ce da ta san haka cinikin zai kasance, da kayan jikokin ma ta sa a ciki.