Mai Shan Taba da Tafiyar Jirgin Ƙasa: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Yi Kwana Biyu a Birni

Mutumin Dosara, Maradun, Bakura ko Talata Mafara da ke son yin kwana biyu ko uku a Abuja, don ziyara ko ganin likita ko hutawa, yakan bi mota ta Gusau da Funtuwa da Zariya zuwa Kaduna, sannan ya hau jirgin ƙasa a tashar Rigasa. Jiharmu tana da tsohon layin dogo da ya taso daga Zariya ya ƙare a Ƙaura Namoda tun 1929, amma jirgin da aka fi dogara da shi a yau shi ne na Kaduna zuwa Abuja, wanda aka buɗe a 2016. Tsawon layin ya kai kilomita 186, kuma tafiyar takan ci awa biyu ko fiye.

Ga mai shan taba, waɗannan awanni ne da ba zai kunna ko kara ɗaya ba. Wanda ya shirya musu zai isa lafiya, har ma tafiyar ta zame masa mafarin rabuwa da taba.

Me doka ta ce?

Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa ta 2015 ta hana shan taba a cikin abin hawa na haya da wuraren taruwar jama'a, kamar ɗakin jira na tasha, gidan abinci, asibiti da makaranta. Hukuncin ya haɗa da tara ko ɗauri. Ban-ɗakin jirgi ma yana cikin hanin. Taragun jirgin a rufe suke da na'urar sanyaya ɗaki, don haka hayaƙin mutum ɗaya zai zagaya ya isa ga jarirai da masu ciki da masu asma.

Tun bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 aka tsaurara bincike, shi ya sa fasinja ke zuwa tasha da wuri. Idan aka haɗa jira da tafiya da fitowa daga tashar Kubwa ko Idu, mutum zai iya yin awa huɗu bai sha taba ba.

Me ke faruwa a jiki a waɗannan awanni?

Abin da ke kama mutum a cikin taba shi ne sinadarin nikotin. Idan aka zuƙi hayaƙi, yakan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Bayan kamar awa biyu, rabin wanda ke cikin jini ya tafi, sai ƙwaƙwalwa ta fara neman ƙari. Alamomin su ne:

- ƙawar taba mai ƙarfi
- saurin fushi da rashin natsuwa
- ciwon kai
- kasa tattara hankali
- yawan jin yunwa
- rashin barci, idan an kwana ba a sha ba

Waɗannan alamomi suna da takura, amma ba sa kisa. Ƙawar kuma ba ta zama daram. Takan taso ta yi ƙarfi na 'yan mintuna, yawanci ƙasa da goma, sannan ta lafa ko an sha ko ba a sha ba. Wanda ke azumin watan Ramadan ya riga ya san haka, domin yakan yi awa 13 ko 14 ba taba har tsawon wata guda.

Gyara ma yana farawa da wuri. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya yakan fara sauka. Cikin awa 12, iskar guba ta kabon monoksaid da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau takan koma daidai.

Sigar mai naɗin ganye da shisha fa?

A manyan otal da wuraren shaƙatawa na birni za a tarar da sigar, wato katuwar tabar nan da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda. Masu shanta kan ce ba sa haɗiye hayaƙin, don haka ba ta da illa. Wannan kuskure ne. Babbar sigar guda na iya ƙunsar tabar da ta kai ta kwalin sigari ɗaya, kuma nikotin ɗinta yana shiga jini ta fatar cikin baki. Tana jawo sankarar baki da harshe da maƙogwaro da hanyar abinci. Wanda ya saba da sigari kuwa, idan ya koma sigar yakan zuƙe ta har huhu.

Shisha ma haka take. Ruwan tulun yana sanyaya hayaƙin ne kawai, ba ya tace gubar, ga kuma gawayin da ke ƙara kabon monoksaid. Anwuru da tabar da ake sawa a baki ba su da hayaƙi, amma suna ɓata dasashi kuma suna ƙara kama mutum.

Shirin da za a yi kafin a tashi

1. Ka ga likita idan kana da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, asma ko tari mai daɗewa. Wanda ke jin ciwon ƙirji idan ya yi 'yar tafiya, ko numfashinsa ke sarƙewa yana zaune, ya fara zuwa asibiti kafin tasha.
2. Ka sa magungunanka a jakar hannu, da ƙarin na kwana biyu ko da tafiya za ta yi tsawo. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu.
3. Ka tambayi likita ko mai kantin magani mai rajista game da cingam ko filastar nikotin. Cingam ɗin yana zuwa da ƙarfin miligiram 2 ko 4. Ana tauna shi kaɗan har a ji yaji-yaji, sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi. Mai ciki, mai shayarwa da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, kada su yi amfani da shi sai da izinin likita.
4. Kada ka jera kara uku ko huɗu a bakin tasha don ka yi guzuri. Hakan yana ɗaga hawan jini da bugun zuciya, kuma ba ya hana ƙawar dawowa.

Idan za ka daina shan taba gaba ɗaya, ka sanar da likitanka in kana shan tiyofilin na asma ko wasu magungunan taɓin hankali irin su kulozafin da olanzafin. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da su, don haka idan aka daina sai su taru a jini. Mai ciwon suga kuma ya riƙa auna sugansa a kai a kai.

A cikin jirgi

Idan ƙawa ta taso, ka ba ta minti goma. Ka kurɓi ruwa a hankali, ka ja dogon numfashi ta hanci ka fitar ta baki, ka ba baki da hannu aiki da asuwaki, carbi, aya ko gyaɗa. Ka rage goro da shayi mai kauri da kofi, domin suna ƙara faɗuwar gaba da rashin barci, kuma ga mutane da yawa su ne abokan tafiyar taba.

Ka riƙa miƙewa kana takawa. Zaman da ya wuce awa huɗu, kamar na mota daga Talata Mafara zuwa Kaduna, yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma shan taba yana ƙara wannan haɗari. Duk inda mota ta tsaya don salla ko abinci, ka sauka ka taka.

A masauki

Babu adadin hayaƙin da ba ya cutar da na kusa. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa, kuma hayaƙin yana maƙalewa a labule da katifa da riga. A hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki suna jawo sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara, fiye da miliyan ɗaya daga ciki ba sa sha, shaƙa kawai suke yi. Ga yara, hayaƙin yana jawo ciwon kunne, limoniya da tashin asma. Kada a sha a ɗakin da iyali ke kwana, kuma kada a sha a kan gado, saboda gobara.

Iyali kuma su yi haƙuri da saurin fushin maigida a kwanakin nan. Ƙarfafa gwiwa ya fi gori amfani.

Alamomin da ba a jira da su

A sanar da ma'aikatan jirgi ko a kira 112, a nufi asibiti mafi kusa, idan aka ga:

- ciwon ƙirji mai danna, musamman mai tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da gumi
- sarƙewar numfashi farat ɗaya ko tarin jini
- karkacewar baki, sarƙewar magana ko mutuwar ɓari ɗaya
- kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya

Kada a ɗauka rashin taba ne ya kawo waɗannan.

Bayan an dawo gida

Wahalar barin taba takan kai ƙololuwa a rana ta biyu zuwa ta uku, sannan ta riƙa raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. Wato wanda ya yi kwana uku a birni bai sha ba ya riga ya haye mafi wuyar hanya. Ya bar majalisar da ake miƙa masa kara da mai shagon da ya saba, kuma wannan canjin wuri yana taimakawa ƙwarai. Idan ya ɗore shekara guda, ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da taba ta jawo masa zai ragu da kusan rabi.

Kafin ka dawo, ka sa a kwashe ashana da ragowar kwali daga ɗakinka, ka faɗa wa abokai ka daina. Idan ka koma sha, ka sake sa rana, domin mafi yawan waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da dama. Domin neman taimako, ka je babban asibitin Talata Mafara ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ka yi magana da likita.