Yadda na'urar bin sawu ke taimaka wa iyaye sa ido kan matasan direbobi a Fatakwal, Anacha da Inugu

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, tuƙi na cikin sana'o'in da matasa suka fi runguma. Bayan taƙaita acaɓa a manyan biranen yankin, kamar yadda gwamnatin Anambra ta yi a Anacha da Awka daga 1 ga Yuli, 2018, matasa da dama sun koma tuƙa Keke Napep da ƙananan motocin dakon kaya. Wannan ya ƙara wa iyaye da iyayen gida nauyin sanin inda yaro yake da irin tuƙin da yake yi.

Fargabar tana da tushe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen hallaka masu shekara 5 zuwa 29. Ga kuma umarnin zaman gida na ranar Litinin da ƙungiyar IPOB ta ayyana a Agustan 2021 a Kudu maso Gabas, wanda ya sa fita a wasu ranaku ta zama abin tsoro.

Na'urar bin sawu ƙaramar aba ce da ake ɓoyewa a jikin abin hawa, a haɗa ta da batir. Tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam aƙalla huɗu domin tantance wurin da take, sannan ta tura bayanin zuwa wayar mai ita ta layin waya da ke cikinta. Ana iya saita ta ta aiko da gargaɗi idan gudu ya wuce kima, ko idan abin hawa ya ƙetare iyakar da aka shata masa, misali keken da ke jigila a kasuwar Gariki ta Inugu ya nufi bayan gari. Waɗanda ba su da halin sayenta kan yi amfani da WhatsApp, wanda ke nuna inda mutum yake na minti 15 ko awa 1 ko awa 8.

Sai dai na'urar tana da iyaka. Inda babu sabis, bayani ba ya isowa a kan lokaci, kuma ba ta nuna ko direba na gyangyaɗi ko burki ya lalace. Kiran yaro ana ganin yana gudu na iya jawo haɗarin da ake gudu, domin amsa waya a kan tuƙi laifi ne. Haka nan kashe inji daga nesa alhali abin hawa na tafiya ganganci ne.

Ta fuskar doka, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka sanya na'ura ba ya halatta miƙa wa ɗan shekara 16 mukulli. Ƙa'idar gudu a cikin gari ita ce kilomita 50 a awa. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sa wajibi a kan kamfanoni su tsare bayanan abokan hulɗarsu, don haka ya dace uba ya san wanda ke iya ganin zirga-zirgar ɗansa kafin ya biya kuɗi.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sanar da matashi cewa an sanya na'urar, a yi yarjejeniya kan hanyoyin da zai bi da lokacin komawa gida. Wanda ya gano ana bibiyarsa a ɓoye kan cire waya ko ya kashe ta, a rasa amana a kuma rasa bayanin. Idan haɗari ya auku, ana kiran hukumar ta lamba 122, a karanta mata wurin da na'urar ta nuna.