Rawar da Inzayim ke Takawa wajen Ginawa da Rushe Beta-Karotin a Shinkafar Zinariya

Tsakure

Maƙalar ta yi bayani ne a kan yadda sinadaran da ake kira inzayim suke ƙayyade yawan beta-karotin a cikin shinkafar da aka sauya wa ƙwayoyin gado. Ta nuna cewa adadin da ke isa ga mai ci ya dogara a kan abubuwa biyu: ƙarfin inzayim ɗin da ke gina sinadarin, da kuma saurin lalacewarsa bayan girbi.

1.0 Gabatarwa

Shinkafa ita ce abincin yau da kullum na kusan rabin al'ummar duniya. Sai dai tsabarta, da zarar an cashe ta an cire dusa, ba ta ɗauke da beta-karotin, sinadarin da jikin ɗan Adam ke mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin yana haifar da dundumi, yana raunana garkuwar jiki, kuma idan ya tsananta yakan makantar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa duk shekara saboda shi, kuma rabinsu kan mutu cikin watanni goma sha biyu. Wannan ne ya sa Ingo Potrykus na Zurik a Suwizalan da Peter Beyer na Jami'ar Furaibog a Jamus suka samar da Golden Rice, wato Shinkafar Zinariya, suka kuma wallafa sakamakon aikinsu a mujallar Science a shekarar 2000.

2.0 Ma'anar Inzayim

Inzayim wani nau'in furotin ne da ke hanzarta sauyin wani sinadari zuwa wani a cikin halitta mai rai. Kowane inzayim yana da aikinsa, kuma ƙwayar gado ce ke ɗauke da umarnin ƙera shi. Ganyen shinkafa yana yin beta-karotin kamar na sauran tsirrai. A cikin tsabar ne kawai aikin ya tsaya, domin wasu daga cikin ƙwayoyin gadon da ke kula da shi ba sa aiki a can.

3.0 Matakan Ginin Beta-Karotin

Tsabar shinkafa tana da sinadarin farko da ake buƙata, wanda ake taƙaita sunansa da GGPP, mai ƙwayoyin kabon 20. Inzayim na farko, PSY, shi ke haɗa biyu daga cikinsa su zama fitowin, mai kabon 40, wanda ba shi da launi. Daga nan sai a mayar da fitowin zuwa laikofin, sinadarin da ke ba tumatir jan launi. Tsirrai suna buƙatar inzayim da yawa kafin su kammala wannan mataki, amma wata bakteriya ta ƙasa mai suna Erwinia uredovora tana yin sa da guda ɗaya tak, wato CrtI. Saboda haka masu binciken suka ɗauko ƙwayar gadon PSY daga furen dafodil, ta CrtI kuma daga bakteriyar.

A nan aka ga wani abin da ba a zata ba. Da waɗannan biyun kaɗai, kamata ya yi tsabar ta fito ja, amma sai ta fito rawaya. Dalili shi ne, tsabar tana da nata inzayim ɗin da ke lanƙwasa bakunan laikofin biyu su zama zobba, wanda hakan ke mayar da shi beta-karotin. Ashe yana nan tun asali, abin da zai sarrafa ne kawai bai samu ba.

4.0 Matakin da ya Fi Ƙunci

Shinkafar farko ta ba da maikurogiram 1.6 kacal na karotin a kowane giram, adadin da ya yi kaɗan matuƙa. Masana a kamfanin Syngenta sun gano cewa PSY ne ke tauye aikin, tamkar ƙofa ƙarama da jama'a ke cunkushewa a bakinta. Sai suka gwada irinsa daga tsirrai daban-daban, ciki har da tumatir da barkono da masara. Na masara ne ya fi dacewa da tsabar shinkafa. A shekarar 2005 suka bayyana iri na biyu, wanda ya kai maikurogiram 37 a giram, ninki 23 ke nan na farkon. Hanyar ginin ba ta sauya ba, inzayim ɗaya aka musanya.

5.0 Inzayim Masu Ragewa da Rushewa

Ba duk abin da aka gina ke zama mai amfani ga jiki ba. Akwai inzayim da ke karkatar da laikofin zuwa alfa-karotin, wanda ƙarfinsa na zama bitamin A rabin na beta-karotin ne. Akwai kuma masu mayar da beta-karotin zuwa ziyazantin, wanda ba ya zama bitamin A sam. Dalilin bambancin yana cikin hanjin ɗan Adam: inzayim ɗin da ke can yana raba beta-karotin ne gida biyu, kuma ɓangaren da zobensa bai sauya ba ne kawai ke zama bitamin.

Sai kuma masu rushewa. Dangin CCD suna yanka karotin su mayar da shi ƙananan sinadarai masu ƙamshi. Lifoksijines kuwa mai da ke cikin tsaba yake sarrafawa, amma abin da ke fitowa daga aikin nasa yana koɗe karotin. Masu bincike a Jami'ar Kalkata ta Indiya sun ruwaito a 2015 cewa rage aikin wannan inzayim ya rage asarar karotin lokacin ajiya. A ɗaya ɓangaren, binciken da aka yi a Furaibog a 2017 ya nuna cewa mafi yawan asarar ba ta inzayim ba ce, iskar oksijin ce ke cin sinadarin kai tsaye, har fiye da rabi kan salwanta cikin 'yan watanni. Don haka ajiya a wuri mai sanyi, cikin mazubin da iska ba ta shiga, tana da muhimmanci kamar aikin ɗakin gwaji. Irin wannan matsala tana shafar rogo mai rawaya da masara mai ruwan lemo da aka fitar a Nijeriya a 2011 da 2012, duk da cewa su ta hanyar barbarar iri aka same su.

6.0 Kammalawa

Filifin ce ƙasa ta farko da ta amince a noma Shinkafar Zinariya don kasuwa, a Yulin 2021, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hakan a Afrilun 2024. Ko yaya shari'ar ta ƙare, ma'aunin nasarar irin wannan iri shi ne adadin beta-karotin da ya rage a tsaba ranar da aka ɗora tukunya, bayan watannin da ta yi a rumbu da kasuwa.