Suna Ko Iyawa? Yadda Taurari Ke Cinye Gurbin Gwanaye A Wasannin Daɓe

Duk mai kallon finafinan Hausa ko na Indiya ya san wani sirri da ba sirri ba ne: muryar da ke tashi lokacin da jaruma ke rausaya a cikin lambu, galibi ba tata ba ce. A Indiya, Lata Mangeshkar ta shafe shekaru gommai tana ara wa jarumai murya. A nan gida ma su Fati Nijar ne ke shiga sutudiyo su rera, jaruma kuma ta je lokeshin ta motsa baki. Ba wanda ya ɗauki hakan yaudara, haka sana'ar ta gada.

To, amma akwai inda wannan dabara ba ta ci. A Broadway da ke birnin New York na Amurka, da West End da ke Landan, akwai manyan gidajen wasan daɓe inda ake nuna labari cikin rawa da waƙa a gaban jama'a, ido na ganin ido. Can babu darakta mai cewa a tsaya a sake, babu edita mai yanke kuskure. Ɗan wasa zai rera da bakinsa, ya taka rawa da ƙafarsa, na wajen awa biyu da rabi, kuma sau takwas a kowane mako. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

A nan ne gardama ta samo asali. Furodusoshin waɗannan wasanni sun daɗe da gano cewa idan suka ɗauko tauraron fim, ko na talbijin, ko mawaƙin da ke tashe, suka manna hotonsa a fosta, tikiti zai ƙare tun kafin a buɗe ƙofa. Su kuma waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a makarantun koyon rawa da waƙa sai su koma gefe suna kallo. Shin adalci ne? Kuma shin mai kallo riba yake ci ko asara?

Abin da ya sa furodusa ke bin suna

Kafin mu ga laifin furodusa, ya kamata mu leƙa aljihunsa. Shirya babban wasan rawa da waƙa a Broadway yana cin miliyoyin daloli. Wasan Spider-Man da aka buɗe a 2011 ya lashe kimanin dala miliyan 75, kuma bai mayar da uwar kuɗi ba. Hasali ma, yawancin wasannin da ake buɗewa a can ba sa mayar da jarinsu. Ga kuɗin hayar gida, ga albashin makaɗa, ga na masu fitilu da masu sutura, duk mako sai an biya, ko kujeru sun cika ko ba su cika ba. Sannan da yawa daga cikin 'yan kallon baƙi ne masu yawon buɗe ido, waɗanda daren ɗaya kawai gare su a garin. Irin wannan baƙon, fuskar da ya sani zai bi. Wanda ya tuna zamanin kaset a Kano ya san labarin: ɗan kasuwa kan fara duba waye a jikin fosta kafin ya tambayi me labarin ya ƙunsa.

Babu wasan da ya ƙware a wannan dabara kamar Chicago. Tun da mata da miji, Fran da Barry Weissler, suka farfaɗo da shi a 1996, suke ta sauya taurari kamar ana sauya riga. Melanie Griffith ta shiga a 2003, mawaƙi Usher a 2006, Brandy a 2015, sai Pamela Anderson ta shirin Baywatch a 2022. Kowa ya yi 'yan makonni ko watanni ya ba wani wuri. Yau Chicago ne ya fi kowane wasa da ke gudana a Broadway daɗewa.

Sai dai akwai abin lura. Babbar jarumar labarin, Roxie Hart, mace ce mai ƙishirwar suna wadda ba wata baiwa gare ta ta a zo a gani ba. Saboda haka idan tauraruwa ta fito muryarta na ɗan rawa, sai abin ya zama kamar da gangan ne. Shi ya sa Melanie Griffith, wadda kowa ya san ba gwanar waƙa ko rawa ba ce, ta samu yabo daga mai sharhin jaridar New York Times. Rigar ce ta zo daidai da jikinta. Ba kowane wasa ne ke da irin wannan sassauci ba.

Darasin Funny Girl

Wanda ke son ganin inda gizo ke saƙa, ya dubi abin da ya faru da wasan Funny Girl a 2022. Wannan wasa ne da Barbra Streisand ta yi suna da shi a 1964, kuma waƙoƙinsa sai mai ƙaƙƙarfar murya. Aka ba Beanie Feldstein, jarumar fim ɗin Booksmart, babban matsayin. Yarinyar ta iya ban dariya, tana da farin jini, amma masu sharhi da dama suka ce muryarta ba ta ɗauki nauyin waƙoƙin ba. Ciniki ya fara ja da baya, a ƙarshen Yuli ta bar wasan.

A watan Satumba Lea Michele ta shirin Glee ta karɓa. Nan take ciniki ya tashi, wasan da ake yi wa kallon ya mutu ya rayu har shekara guda, ya kuma mayar da jarinsa kafin a rufe shi a Satumban 2023. Masu goyon bayan suna sai suka ce, kun gani ko? Amma sun manta abu ɗaya. Lea Michele tana da shekara takwas ta fara hawa dandamalin Broadway. Talbijin ya ba ta suna ne kawai, sana'ar kuwa a daɓe ta koye ta.

Akwai kuma mace ta uku a wannan labari, wadda ba kowa ke tunawa da ita ba: Julie Benko. Ita ce 'yar ko-ta-kwana, wato wadda ke haddace komai ta zauna a shirye, ko da jaruma za ta kasa fitowa. Duk ranar da ta fito, 'yan kallo kan fita suna yabon muryarta. Ita ta riƙe wasan a watan Agusta gaba ɗaya. Amma da aka tashi neman wadda za ta gaji gurbin dindindin, sai aka nemi mai suna, ita kuma aka bar mata daren Alhamis. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi!

Wannan ba yau aka fara ba. Julie Andrews ce ta fara fitowa a My Fair Lady a daɓe a 1956, ta kuma yi fice. Da aka zo mayar da shi fim a 1964, mai kamfanin, Jack Warner, ya ce ba a san fuskarta a sinima ba, ya ɗauko Audrey Hepburn. Ƙarshenta sai da aka sa wata mawaƙiya, Marni Nixon, ta rera yawancin waƙoƙin. Ita kuwa Julie Andrews ta tafi ta yi Mary Poppins, ta lashe kambun Oscar da shi. A fim an samu Marni Nixon ta rufa asiri. A daɓe wa zai rufa?

Taurarin da suka wanke allonsu

Kada mai karatu ya ɗauka duk tauraro holoƙo ne. Hugh Jackman, wanda matasa suka sani da Wolverine, ya yi wasan Oklahoma! a Landan a 1998, shekara biyu kafin fim ɗin X-Men, kuma ya ci kyautar Tony, wadda ita ce mafi girma a Broadway, a 2004. Daniel Radcliffe na Harry Potter bai dogara da sunansa ba. Ya zauna ya koyi rawa da waƙa kafin ya fito a 2011, ya ci gaba da dawowa daɓe har ya ci Tony a 2024. Nicole Scherzinger ta ƙungiyar Pussycat Dolls, wadda wasu suka raina da farko, ta lashe kyautar Olivier a Landan a 2024 da Tony a 2025 da wasan Sunset Boulevard. Waɗannan sun nuna cewa suna ba laifi ba ne. Laifin shi ne a shigo da shi a maimakon aiki.

Amma ko a nan akwai tarko. Wasan da aka gina a kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi sai a kashe fitila. The Music Man ya yi ta tara fiye da dala miliyan 3 a mako da Hugh Jackman, amma da wa'adinsa ya cika a Janairun 2023, sai aka rufe. Shi kuwa The Lion King, wanda babu sunan kowa a saman fostarsa, tun 1997 yake gudana.

Wata hanyar ita ce wadda aka bi a The Color Purple a 2015. Sunan da ya jawo jama'a shi ne na Jennifer Hudson mai kambun Oscar. Amma babban matsayin wata 'yar Landan aka ba, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, kuma ba a san ta a Amurka ba: Cynthia Erivo. Mutane suka zo don Hudson, suka koma gida da sunan Erivo a baki. Ta ci Tony a 2016, ga ta nan a 2024 ta ja ragamar fim ɗin Wicked. Haka ma wasan Fela! na 2009, kan rayuwar Fela Kuti: su Jay-Z da Will Smith sun sa sunayensu a matsayin furodusoshi, amma Sahr Ngaujah, wanda ya iya aikin, shi aka bar wa dandamali.

Ashe ke nan ana iya cin moriyar suna ba tare da an danne mai baiwa ba. Abin tsoron shi ne ranar da furodusoshi za su daina gwada sabbin fuskoki baki ɗaya, domin duk tauraron da ake rububinsa yau, akwai ranar da wani ya yi kasada ya ba shi dama alhali ba kowa ba ne. Mu 'yan kallo ma muna da namu kason. Muddin hoton fosta kaɗai muke saye, hoton fosta za a ci gaba da sayar mana. In ka ga sabuwar fuska ta burge ka, a daɓe ne ko a fim, riƙe sunanta, ka kuma gaya wa abokinka.