Kifin Amazon: Baƙi na wasa, wa ke kwashe kuɗin?

A kowace shekara, da zarar ruwan Kogin Negro ya fara janyewa wajen watan Satumba, garin Barcelos da ke jihar Amazonas ta ƙasar Brazil kan cika da baƙi. Akasarinsu masu hannu da shuni ne daga Amurka, Turai da manyan biranen Brazil. Abin da ke kawo su shi ne tukunare, wani kifi mai ƙarfin tsiya wanda ƙatonsa kan haura kilo 10. A jirgin ruwa mai ɗakunan kwana suke sauka, su wuni suna jefa ƙugiya. In sun kama, sai su auna, su ɗauki hoto, su mayar da kifin ruwa da ransa.

Mai karatu zai iya cewa wannan wasan masu ƙoshi ne. Haka ne, amma wasa ne da kowane mutum ke biya wa dubban daloli a mako guda, kuma tambayar ita ce aljihun da kuɗin ke faɗawa. An daɗe wasu kamfanoni na kutsawa ruwan 'yan asalin dajin ba da izini ba, su sallami wasu shugabannin ƙauye da ɗan abin hasafi, su bar jama'a da gaba a tsakaninsu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Kogin Marie, reshen Negro, al'amarin ya sauya a 2014. Ƙauyuka fiye da 10, da goyon bayan ƙungiyarsu ta FOIRN da hukumar Funai mai kula da 'yan asali, suka zaɓi kamfanin Untamed Angling da kansu, suka gindaya sharuɗɗa: a taƙaita yawan baƙi, a mayar da duk kifin da aka kama, a ɗauki 'ya'yansu aikin jagora da gadin kogi, a raba riba da su. A ganina, kamfanin da ya ƙi irin wannan yarjejeniya bai cancanci shiga kogin kowa ba, komai kyawun tallarsa.

Sai dai akwai abin da yarjejeniya ba ta iya tsarewa. A Oktoban 2023 fari ya sauke ruwan Negro a Manaus zuwa mita 12.70, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa a 1902. A 2024 ya ƙara sauka zuwa mita 12.11, jirage suka maƙale a rairayi, ƙauyuka da dama suka yanke daga gari.