Mutanen da Teku Ya Zame Wa Kabari

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Tower Hill a birnin Landan, idonsa kan tsohuwar Hasumiyar Landan yake sauka, inda 'yan yawon buɗe ido ke layi don ganin kambin sarauta. Kaɗan ne ke waiwayowa su dubi ɗan lambun da ke gefen hanya. A cikinsa akwai wani dogon zaure na farin dutse, an lulluɓe ginshiƙansa da allunan tagulla, allunan kuwa cike da sunaye, kimanin dubu 36 in an haɗa da na bangon da ke bayansa. Masu sunayen nan ma'aikatan jiragen ruwan dakon kaya ne da masunta: matuƙa, kuku, masu wanke-wanke, masu zuba kwal a injin. Yaƙi ya riske su a bakin neman abinci, kuma babu ɗaya daga cikinsu da aka kai makwancinsa a ƙasa.

Birtaniya tsibiri ce wadda abin da take nomawa ba ya ciyar da ita. Alkama daga Kanada, nama daga Ajantina, man fetur, auduga, shayi, duk ta ruwa suke shigowa. Jamus ta san da haka, sai ta ɗauki dabarar da duk mai kewaye gari yake ɗauka: a tare hanyar abinci har yunwa ta sa a miƙa wuya. Makaminta shi ne jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. A watan Fabrairun 1917 ta shelanta cewa za ta nutsar da duk jirgin da ta gani a ruwan da ke kewaye da Birtaniya ba tare da gargaɗi ba, kuma a watan Afrilun shekarar asarar ta kai maƙura. Abin da ya kawo sauƙi tsohuwar hikimar fatake ce. Aka daina barin jirgi ya bi hanya shi kaɗai, aka koma tafiyar ayari, jirage da yawa a jere da madugunsu, jiragen yaƙi na rakiya a gefe. Duk da haka, Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci jiragen kasuwancin Birtaniya 3,305 da rayuka kusan dubu 17. Na Biyu ya ci jirage 4,786 da rayuka kimanin dubu 32.

Soja in ya faɗi a fagen daga, sau da yawa akan sami gawarsa, a binne, a kafa dutse. Ga mai karatun da ya saba a wanke mamaci, a yi masa sutura, a sallace shi, a raka shi kafin rana ta faɗi, ba sai an yi dogon bayani ba kan nauyin mutuwar da ba gawa. Uwa a Libaful ko a Legas takarda kawai take samu, wani lokaci ma ko takardar babu. Wannan giɓin ne hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda Fabian Ware ya assasa a 1917, ta so cikewa da suna a kan tagulla.

Edwin Lutyens, wanda ya tsara manyan gine-ginen birnin New Delhi, shi aka ba aikin. Ya so a kafa ginin a bakin kogin Thames, tsakiyar gari, inda kowa zai gani, amma hukumar da ke duba ƙawar gine-gine ta ƙi amincewa, aka dawo da shi Tower Hill, kusa da tsofaffin tashoshin jiragen ruwa. Ranar 12 ga Disamban 1928 Sarauniya Mary ta buɗe shi a madadin mijinta, Sarki George na Biyar, wanda ke kwance ba lafiya. Sunaye kusan dubu 12 ne a wannan ɓangaren. Bayan yaƙi na biyu sai aka ga sunayen sun ninka, kusan dubu 24, zauren ba zai ɗauka ba. Edward Maufe ya tsara wani fili mai zurfi a bayansa, ana sauka ta matakala, bangon ya zagaye shi da alluna, mutum-mutumin hafsan jirgi da na matuƙi suna tsaye a mashiga. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe shi ranar 5 ga Nuwamban 1955. A 2005 aka ƙara wani ƙarami domin mutum 17 da suka mutu a yaƙin Falkland na 1982.

Yadda aka jera sunayen shi ne abin da ya fi taɓa zuciya. Jirgi-jirgi aka bi. Sunan jirgi a sama, sai kyaftin idan yana cikin mamatan, sannan sauran bisa tsarin harufa, ba a nuna wane babba wane yaro ba. Babban injiniya da yaron da ke share ɗakin girki suna kafaɗa da kafaɗa kamar yadda ruwa ya haɗiye su tare. Wani jirgin suna ɗaya tak ne a ƙarƙashinsa. Lusitania kuwa, wanda aka nutsar ranar 7 ga Mayun 1915, ma'aikatansa sama da 350 ne a jere.

Mai karatu daga Najeriya in ya bi allunan a hankali zai ci karo da sunan da ya sani: Apapa. Jirgin kamfanin Elder Dempster ne na Libaful, kamfanin da ya riƙe zirga-zirgar Afirka ta Yamma, mai kwasar manja, da kuza daga Jos, da fatu da gyaɗar da jirgin ƙasa ke saukowa da su daga Kano zuwa Legas. An harbe Apapa a watan Nuwamban 1917 a gaɓar Wales, saura ƙiris ya isa gida, mutum 77 suka halaka. Kafin shi, a Maris ɗin 1915, Falaba ya nutse da mutum 104 yana kan hanyar zuwa Afirka ta Yamma. A Oktoban 1942 Abosso ya tafi da mutum 362, mutum 31 kacal suka tsira. Kamfanin ya dogara ƙwarai da ma'aikata baƙar fata, 'yan ƙabilar Kru na Laberiya da Saliyo da kuma 'yan Najeriya, kuma yawancinsu a ƙasan jirgi suke, a ɗakin wuta, suna ɗura kwal da shebur cikin zafin da ke narkar da mutum. Can ne makami ke fara fashewa, can ne kuma fita ta fi wuya. Haka abin yake ga 'yan Yaman da Somaliya mazauna Kadif da South Shields, shi ya sa ake ganin Ali da Ahmed da Mohamed warwatse a cikin allunan.

Akwai kuma zaluncin da tagulla ba ta rubuta ba. Har zuwa watan Mayun 1941, dokar aiki ita ce ranar da jirgi ya nutse, ranar albashin ma'aikaci ya tsaya. Mutum ya kwana goma a ƙaramin kwalekwale yana fama da ƙishi da sanyi, a tsamo shi, ya tarar kwanakin nan ba a lissafa masa ba, tunda wurin aikinsa ya daina wanzuwa. Kayan sarki ba su da shi, sai wata 'yar alama a ƙirjin riga, har wasu a gari kan ɗauke su ragwayen da suka guje wa shiga soja. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da cikinta ya dogara a kansu, kuma babu ginin dutsen da ya isa ya biya shi.

Ko a rabon sunayen ma ba a yi daidai ba. Matuƙan Indiya da na Adan da na Afirka ta Gabas da suka mutu a yaƙi na ɗaya, a Bombay aka rubuta su, 'yan Sin kuma a Hong Kong, nesa da abokan aikinsu Turawa na jirgi ɗaya. A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar kaburburan ta kafa da kanta ya bayyana cewa aƙalla mutum dubu 116, galibi 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya da suka yi wa Birtaniya hidima a yaƙin, ba a tuna da su da suna ba, wataƙila wasu ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Sakataren tsaron ƙasar na lokacin, Ben Wallace, ya ba da haƙuri a gaban majalisa.

Wasu ƙasashen ma sun yi jinkiri. Amurka ba ta ba matuƙan jiragen kasuwancinta na yaƙi na biyu matsayin tsofaffin soja ba sai 1988. Norway, wadda ta gina wa nata wani zaure mai siffar dala a Stavern tun 1926, sai 2013 gwamnatinta ta nemi afuwar yadda aka yi watsi da waɗanda suka dawo da rai bayan 1945. Birtaniya kuwa tun shekarar 2000 ta ware 3 ga Satumba don tunawa da su, ranar da aka nutsar da jirgin Athenia a 1939, sa'o'i kaɗan bayan shelanta yaƙi. A ranar ana ɗaga jar tutar jiragen kasuwanci a kan gine-ginen gwamnati.

A birnin New York, a bakin ruwan Battery Park, wata mai sassaƙa da ake kira Marisol ta yi nata abin tunawar a 1991, ta kwaikwayi hoton da wani daga cikin jirgin Jamus ya ɗauka na waɗanda suka tsira daga jirgin man da suka harbe, mutanen da ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mutum uku na tagulla ne a kan jirgi mai karkata, ɗaya ya kwanta ya miƙa hannu ga na huɗu da ke cikin ruwa. Sau biyu a rana, idan teku ya cika, ruwa kan rufe kan na huɗun, sai hannunsa kaɗai ake gani a sama.