Bashin Karatu, da Yaron da Bai Iso Bakin Ƙofa Ba

Tun daga ranar 24 ga Mayu, 2024, da hukumar NELFUND ta fara karɓar takardun masu neman bashin karatu, da wuya a sami majalisa ko ɗakin malamai ko ƙofar masallaci bayan isha'i da ba a taɓa wannan mas'ala ba, kuma galibin gardamar a kan abu biyu ta tsaya: ko akwai riba a cikin bashin, da kuma ko hukuma za ta ɗaure wanda ya kasa biya. Waɗannan ba su bukatar dogon sharhi. A bisa tsarin da aka kafa ƙarƙashin dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilu na 2024, bashin ba shi da kuɗin ruwa, ana zuba kuɗin makaranta ne kai tsaye a asusun makarantar ɗalibi, a ba shi naira 20,000 duk wata in ya nemi na abinci, ba kuwa za a neme shi da biya ba sai shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa, sa'an nan a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na albashinsa. Tsoron ɗauri kuwa gado ne daga dokar farko ta Yunin 2023, wadda ta ambaci ɗauri ko tara, ta kuma gindaya sharuɗɗa masu tsanani, har da kawo mutum biyu da za su tsaya wa ɗalibi da kuma kada abin da gidansu ke samu a shekara ya kai naira 500,000, ita kuwa an soke ta tun ba a ba kowa ko kwabo a ƙarƙashinta ba. Hukuncin halacci ko haramci na ma'abota fatawa ne, mun bar musu.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda ba a gardama a kanta, wadda masu goyon bayan bashin da masu sukarsa duka suka haɗiye ba tare da sun tauna ba, wato cewa yanzu an buɗe wa ɗan talaka ƙofar jami'a. Duk wanda ya dubi abin da ake nema kafin a ba da bashin nan zai tarar cewa, baya ga lambar zama ɗan ƙasa da lambar banki, ana neman lambar rajistar JAMB da shaidar cewa makaranta ta riga ta ɗauki mai nema. Ashe ke nan ba a ba da shi sai ga yaron da ya gama sakandare, ya sami kiredit biyar cikinsu har da Turanci, da Lissafi ga galibin fannoni, ya sayi fom, ya zauna jarrabawar shiga jami'a, ya ci makin da ake so, aka kuma sa sunansa cikin waɗanda aka ɗauka. Wanda ya tsallake waɗannan duka ya cancanci taimako, babu shakka, kuma da yawa daga cikinsu da sun ajiye karatu bayan ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i suka yi a 2023 in ba don bashin ba. Amma misalin wannan taimako kamar na attajirin da ya zo gona ranar girbi ne da buhuna da igiya da amalanke yana rabawa: wanda ya sami iri da taki tun farkon damina zai yi masa godiya ta haƙiƙa, wanda kuwa gonarsa ta kwana saura domin bai sami abin shukawa ba, sai dai ya tsaya gefen hanya yana kallon rabon.

A ina ne yaron da bai iso bakin ƙofar ba ke ɓacewa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ware masa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. Dokar bashin karatu kuma daga ƙofar jami'a da kwaleji ta fara. Tsakanin waɗannan dokoki biyu akwai shekaru uku na babbar sakandare, waɗanda nauyinsu galibi a wuyan jihohi yake, kuma a cikinsu ne, yaro yana tsakanin sha biyar da sha takwas, ake yanke hukuncin ko zai zama likita ko injiniya ko malami, ko kuwa zai koma tasha yana jiran fasinja. A shekarun nan ne uba ke duban ɗansa ya ga ƙarfin da zai iya riƙe garma ko tsare shago, a nan ne ake fara yi wa yarinya maganar aure, a nan ne kuma karatu ke rabuwa zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci, sau da yawa ba don an gwada hazaƙar yaro ba, sai don makarantar ba ta da malamin Fizis ko na Kimistiri.

Mu ɗauki yaron da Allah ya hore wa basira, ya kuma jure har aji uku. Ranar da zai yi rajistar JAMB, da kuɗin da uwarsa ta haɗa daga adashi, sai ya tafi gari ya shiga layi, ya zauna gaban wani saurayi da ke cike wa mutum hamsin fom a yini. Saurayin ya ce, “Malam, me kake so ka karanta?” Yaro ya ce likitanci, domin shi da lauya da soja ne ayyukan manya da ya taɓa jin sunansu. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa mai neman likitanci sai ya zauna Fizis da Kimistiri da Bayoloji tare da Turanci, ko cewa gurbin likitanci kaɗan ne ƙwarai, alhali ga fannin jinya da harhaɗa magunguna da gwaje-gwajen asibiti da aikin gona waɗanda makinsa zai iya kai shi. In kuwa aka yi kuskure aka haɗa masa darussan da ba su dace da fannin ba, to ko ya ci maki mai yawa shekarar ta tafi. Sa'an nan ranar jarrabawa, wadda tun 2015 ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, a zaunar da shi gaban na'urar da bai taɓa sa hannu a kanta ba, a ce ya amsa tambaya 180 cikin awa biyu, sittin na Turanci, arba'in arba'in na sauran ukun, agogo na tafiya a kusurwar allo, shi kuwa yana lalube yana neman harafin da zai danna ya wuce zuwa tambaya ta gaba. Ɗan ma'aikacin da ke kujerar kusa da shi ya shafe wata uku yana zuwa darasin yamma, ya gwada jarrabawar a wayar yayansa har ya gaji. Za a fitar da sakamako a ce wannan ya fi wancan ƙoƙari.

A jarrabawar 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko da aka fitar. Gaskiya ne shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Is'haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa, amma ko an cire waɗannan, abin da ya rage ya isa hujja cewa cutar tana can ƙasa, a azuzuwan da yaran suka fito.

Malaman usulu suna da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Hukumar da ta ɗauki kai ɗan talaka jami'a a matsayin haƙƙi a kanta, shirya shi tun yana sakandare ya hau kanta ke nan. Akwai kuwa inda aka gane haka aka yi aiki da shi. A Amurka, tun 1965, zamanin Shugaba Johnson, gwamnatin tarayya ke ɗaukar nauyin wani shiri da ke kwaso 'ya'yan marasa ƙarfi, musamman waɗanda babu wanda ya taɓa yin digiri a gidansu, a kai su su zauna cikin jami'a na kimanin mako shida lokacin dogon hutu, ana koya musu lissafi da kimiyya da rubutu, su ga ɗakin karatu da ɗakin gwaji da idonsu. Wanda ya fi dacewa da maganarmu shi ne na jihar Indiyana, wanda aka kafa a 1990 zamanin Gwamna Evan Bayh, domin shi na jiha ne, kuma hikimarsa tana cikin lokacin da yake kama yaro. Tun yana aji bakwai ko takwas, wato daidai ajin farko ko na biyu na ƙaramar sakandare a wurinmu, jiha ke ƙulla alkawari da ɗan gidan da ba shi da hali: shi zai riƙe makinsa kada ya sauka ƙasa da wani mizani, ya nisanci ƙwaya da giya da aikata laifi, ya gama sakandare, ita kuma za ta biya masa kuɗin karatu har na shekara huɗu a jami'a ko kwalejin gwamnati da ke jihar. A tsakani kuma an ɗora masa ayyuka goma sha biyu, uku a kowace shekara cikin shekaru huɗu na babbar sakandarensu, irin su tsara darussan da zai ɗauka, da gwajin gano sana'ar da ta dace da ɗabi'arsa, da zuwa wurin aiki ya ga yadda ake yi, da ziyartar jami'a, da cike takardar neman tallafi. Yaron da ya san tun yana ɗan sha uku cewa an ajiye masa kuɗin jami'a, zamansa a aji dabam ne, haka ma lissafin da iyayensa ke yi a kansa.

Wani abin lura a tarihin shirin nan shi ne, bayan shekara talatin ana yinsa, sai aka tarar cewa waɗanda ke shiga ba su kai rabin waɗanda suka cancanta ba, domin iyaye da yawa ba su ji labari ba, ko kuwa cike takardar ya gagare su kafin wa'adi ya wuce. A 2023 majalisar jihar ta yi doka cewa duk yaron da ya cancanta a sa sunansa kai tsaye, ba sai ya nema ba. In takarda guda ta iya tare rabin mabukata a ƙasar da kusan kowane gida ke da intanet, mai karatu ya auna abin da shafin intanet da lambar banki da gyaran suna a katin ɗan ƙasa ke yi wa ɗan ƙauyen da sai ya hau mota kafin ya ga inda ake buga takarda.

Kada kuma a ce wannan dabarar Turawa ce da ba ta karɓi ƙasarmu ba, domin Kano ta yi irinta da kanta. A 1977, zamanin mulkin Kanar Sani Bello, da aka ga jihar ba ta da 'ya'yanta likitoci da injiniyoyi sai 'yan ƙalilan, aka kafa hukumar makarantun kimiyya, aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka ƙara da ta 'yan mata a Taura. Da jarrabawa ake zaɓo yara daga ƙananan azuzuwan sakandare na duk faɗin jihar, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, a tara su a makarantar kwana, a ba su malamai da ɗakunan gwaji, a ɗauke wa iyayensu nauyi. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi binciken digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goman farko na waɗannan makarantu, kuma duk wanda ya shiga manyan asibitocin Kano da Jigawa ya tambayi likitocin inda suka yi sakandare, zai ji sunan Dawaki har ya ƙosa. Haka nan makarantun share fagen shiga jami'a, da jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, duk an ƙirƙiro su ne a kan fahimtar cewa yaron Arewa na bukatar a cike masa giɓi kafin ya tsaya takara da takwaransa. Waɗanda suka tsara abubuwan nan ba su fi na yanzu kuɗi ba. Haƙurin jiran amfanin da sai bayan shekara goma ake ganinsa ne suka fi su.

Ga alama wannan haƙuri ne ya yi ƙaranci. Rakiyar masu digiri zuwa filin jirgi za su tafi ƙaro karatu ƙasar waje abu ne mai kyau, yana kuma kyau a hoto, amma ɗaukar malamin Kimistiri a kai shi ƙauye, a biya shi a kan kari, a saya masa sinadaran gwaji, a sa mutum guda a kowace makaranta wanda aikinsa shi ne zama da yara yana yi musu bayanin fannoni da sana'o'i, wannan ba ya tara 'yan jarida. Ɓangaren sana'a ma haka yake: kwalejojin fasaha irin na Wudil da Bagauda, inda yaro zai fito da aikin lantarki ko gini ko kanikanci a hannunsa da shaidar NABTEB, mu iyaye da kanmu muka mai da su wurin kai wanda muke ganin ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali mai gyaran sola a yau ya fi masu digiri da yawa abin sawa a aljihu.

Abin da jihohi suka fi yi wa shekarun nan uku na babbar sakandare shi ne biyan kuɗin jarrabawar fita. A Kano akan yi jarrabawar tantancewa a aji biyu na babbar sakandare, wanda ya ci gwamnati ta biya masa NECO, wanda ya faɗi kuwa ubansa ya nemo, ko ya haƙura. Tsarin ya taimaki dubban gidaje, sai dai shi ma awo yake yi a ƙarshe, ba ya ƙara wa yaro abin da ba a koya masa ba, kuma wanda ya fi faɗuwa a cikinsa shi ne na makarantar da ba ta da malamai, wato wanda ya fi kowa rashin abin biya. Ko wanda ya ci ma bai tsira ba, domin an sha ganin hukumar jarrabawa ta riƙe sakamakon ɗaliban jiha sukutum saboda bashin da gwamnatinsu ba ta biya ba, har lokacin da jami'o'i ke tantance waɗanda za su ɗauka ya zo ya wuce. Makin JAMB kuwa na shekara guda ne, ba a ajiye shi. Yaron da hakan ta faɗa wa sai ya sake sayen fom baɗi, in uwarsa ta sake samun ɗaukar adashi.